Badukun da Ya Ɗinke Littafi Ta Dama

Duk wanda ya saba bi ta bakin kasuwar Illela da sassafe ya san rumfar Baba Halliru, ko da bai san sunan mai ita ba. Kafin mahauta su gama fiɗa ya riga ya share gabanta, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buzunsa. Sai ya jera kayan dukancinsa: basilla, wuƙa, guntayen jar fata, da wani kube da mai shi ya kawo gyara ya manta da shi tun bara. Bayan nan ne yake fito da abin da ya sa na zauna yin wannan rubutu. Gafakoki ne yake zarowa daga buhu ɗaya bayan ɗaya, ya kakkaɓe kowacce, ya leƙa cikinta ko gara ta kwana, ya rataye ta a jikin dirkar rumfa inda akuya ba ta kaiwa. Sannan ya zauna ya tsuke fuska kamar mai jiran manyan fatake. Waɗanda ke fara zuwa kuwa yara ne, da kaushinsu da majinarsu, kowanne riƙe da 'yar fata a ninke, cikinta fallen takarda ɗaya.

"Karanta min in jiya," haka yake ce wa kowane yaro. Yaro ya tsaya ƙerere ya karanta. Baba Halliru bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma kunnensa ya san karatun da ya zauna da wanda ke tangal-tangal. In yaro ya yi ta in'ina, sai ya miƙa masa abarsa ya ce, "Koma da ita, ba ta nuna ba tukuna." In kuwa karatu ya fita tsaf, sai ya kai fallen kusa da idonsa, ya duba can ƙasansa, ya sa hannu a gafaka ya zaro na gaba. Yaro ya ruga makaranta, wani ya matso.

Bana idon ya ƙi. Zare ba ya shiga basilla sai an zura masa, ƙananan rubutun da ke ƙasan falle kuma sun zame masa tururuwa. Ya ce zai ajiye aiki. Ni malamin elementare ne a garin nan, kuma tun da aka turo ni daga Sakkwato nake cin gajiyar wannan rumfa ba tare da na taɓa ce wa mai ita na gode a gaban jama'a ba. Abin ya dame ni. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma na ji daga bakin waɗanda aka yi a gabansu: Malam Atiku, wanda ya fara koyarwa a makarantarmu, da Idi mai jakai, da Inna Yelwa mai fura, wadda rumfarta ke manne da tasa, kuma ba abin da ke wuce ta.

A lokacin da abin ya faru makarantar boko sabuwar aba ce a nan. Iyaye na kallonta a kaikaice, yaran da aka samu ma sai da hakimi ya sa baki. Wata rana aka kawo wa Malam Atiku akwatin ƙarfe daga Sakkwato, cike da littattafan karatu na Hausar boko. Aro ne, ba kyauta ba. Sharaɗin shi ne akwatin zai yi ɗan zama a Illela, sannan Baturen makaranta ya zo ya duba shi, a wuce da shi wata makarantar, kuma yadda littattafan suka zo haka za su tafi. Kowane littafi guda ɗaya ne tak. Malam Atiku ya ce mini idan ya ba yaro ɗaya littafi, sauran sai su yi ta miƙa wuya, na baya kuwa bango kawai suke gani har a tashi. Ga littattafai a gari, ga yara, amma karatu ya ƙi haɗuwa, kuma kwanakin akwatin sai tafiya suke.

Ana cikin haka ɗinkin wani littafi ya tsinke saboda jayayyar yara. Hankalin Malam Atiku ya tashi. Ya ɓoye shi cikin riga ya nufi rumfar Halliru, wanda a lokacin ƙarfinsa ke nan, shi ke yi wa malaman zaure gafaka.

"Halliru, taimake ni ka ɗinke min wanga kahin a gani."

Halliru ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya shinshina. Ya ce, "Malam, mi yas sa kuka ɗaure littahi haka? Ɗiya nawa ka karatu cikinai?"

"Ɗaya. Sauran su jira."

"To mu ba haka munka ishe ba. Kai ma ka sani. Littahin babanka ɗaure shike?"

Gaskiya ce kuwa, Malam Atiku ya sani. A zauren mahaifinsa ya fara karatu, kuma littattafan can ba a ɗinke suke ba. Falle-falle ne a jere tsakanin bango biyu na fata, wanda ake kira tadarishi. Malami ya zari falle ya ba wannan ɗalibi, ya zari wani ya ba wancan, littafi ɗaya ya wadaci zaure guda. Halliru ya ce, "Wanga dai ya riga ya kwance kainai. Bari mu ƙarasa mai." Malam Atiku ya ce ya amince da wannan ɗaya kawai, ɗaya tak, tun da shi ya riga ya lalace. Da yake ba ni labarin, sai da ya yi dariya a nan, ya ce bai san ranar da sauran suka bi sahu ba. Shi dai ya ga ajinsa ya yi tsit, kowane yaro da abin karantawa a hannu, sai ya riƙa ɗauko na gaba yana kai wa wuƙa da ƙafarsa.

Ga inda hikimar take, kuma ba Halliru ya ƙirƙiro ta ba, gado ya tarar. Masu rubuta littafi da hannu sukan sa kalmar farko ta falle na gaba a can ƙasan wanda ke gabansa, don in iska ta watsa littafi a iya jera shi. Halliru ya zaunar da Malam Atiku, Malam yana karanta masa kalmar farko ta kowane falle, shi kuma Halliru yana rubuta ta da ajami a saman fallen da kuma ƙasan wanda ya gabace shi, da alƙalamin kara da tawadarsa ta zaure. Yakan ce wa wannan kalma 'yar jagora. Da ita yake gane wane falle ke bin wane, har bana da idon ya ƙi, bai taɓa kallon lambar shafi ba.

'Yar jagorar nan ta yi wani aikin da ko shi bai yi zato ba. Mutanenmu ba sa barin baƙin Larabci a ƙasa. Inna Yelwa ta ce wata rana guguwa ta kawo falle ɗaya har gindin ƙwaryarta. Ta ce, "Da nig ga rubutun Nasara na, niy yi niyyar hura wuta da shi. Sai nig ga baƙi can ƙasa. Nic ce subhanallahi, nis soke shi ga jinka har mai shi yaz zaka shina kuka." Haka fallayen suka riƙa shiga gidaje ba mai wulaƙanta su. Uban da zai ga littafi mai bangon Turawa ya ce a fitar masa da shi daga gida, in ya ga falle cikin 'yar fata irin wadda ya saba gani, sai ya ce wa ɗansa, "Mi anka rubuta nan?" Yaro ya karanta, uwa na jin sa daga bakin murhu, ƙanwarsa na leƙe ta kafaɗa. Na san matan aure a garin nan da suka koyi haɗa baƙi ta wannan leƙen.

Da damina ta faɗi, yaran ƙauye suka koma gona kamar yadda suka saba, makaranta ta zama fayau. A da, karatun da aka yi da rani nan yake zubewa. Wannan karon fallaye suka bi su. Idi mai jakai, wanda ke zirga-zirga tsakanin kasuwa da ƙauyuka, shi ya zama ɗan aike ba tare da an naɗa shi ba. Ya kai Tozai, ya karɓo na Lafani, ya sauke a Gidan Katta, gafaka na rataye a wuyansa, don ya ce ba zai ɗora karatu a kan mangala ɗaya da albasa ba.

Sai ga labari cewa Baturen makaranta na tafe, zai duba akwati a wuce da shi.

Malam Atiku ya buɗe akwatin nan ya leƙa, ba komai ciki sai bangwaye. Ya zo rumfar Halliru ya tsuguna ya gaya masa. Littattafan dai tafiya za su yi, wannan kowa ya sani. Amma in Bature ya tarar da akwati wayam, ba wanda ya san inda abin zai tsaya. Halliru ya naɗe buzunsa ya ce, "Tashi, Malam. Ni niy yanka, ni ka ɗinkewa."

Ya rufe rumfa ana tsakiyar kasuwa, ya bi Idi. Gona-gona suka riƙa bi cikin caɓi, suna karɓar fallaye daga hannun yara. Idi ya ce wannan ne ya fi masa ciwo, don kowane yaro sai ya ce a bari ya ƙarasa, Halliru kuma sai ya tsaya a kan kunyar gona ya jira shi ya ƙarasa. Falle ɗaya ya tsallaka iyaka, ɗan wani bafatake ya tafi da shi Ƙonni. Halliru ya ce sai ya je. A mashigar ƙasar Faransa mai gadi ya tare su ya ce, "Ina takardarka?" Halliru ya ce, "Ita niz zaka biɗa." Idi ya rantse mini cewa mutumin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kauce ya ba su hanya, wataƙila ya ɗauka taɓaɓɓe ne.

Da fallaye suka haɗu, Halliru ya zauna ya jera su da 'yar jagora, ba wanda ya ɓata, ba wanda ya shiga gurbin wani. Ya zaɓi jar fatar da ta fi kowacce laushi a rumfarsa ya yi musu sabon bango, ya yi ɗinki ƙanana-ƙanana a jere, har da zane a gefe. Inna Yelwa ta ce ko kuben hakimi bai sami wannan gatan ba. Ya kai su makaranta ya shirya cikin akwati. Malam Atiku na can yana fama da shara da shafen farar ƙasa, ya leƙo ya ga jajayen bangwaye a jere, ya yi hamdala, ya rufe.

Ranar da Bature ya iso, aka jera yara a inuwar bishiyar bedi, aka kawo akwati gabansa. Ya ɗauki littafi ɗaya, ya yaba fatar da yatsa, ya buɗe. Sai ga shi a shafin ƙarshe. Ya rufe, ya juya, ya sake buɗewa. Ya ɗauki na biyu, haka. Na uku, haka. Duk cikin akwatin ba wanda ya tsira. Baba Halliru ya ɗinke su ta gefen dama, yadda ake buɗe littafin Larabci.

Bature ya ce, "Wane ne ya yi wannan aiki?"

Malam Atiku ya buɗe baki, amma Halliru ya riga shi. Yana tsaye can bayan dangar makaranta, ya zo ya ga yadda za a yaba ɗinkinsa. Ya tuɓe takalma ya matso ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, ni na. Ni niy yanka su, ni niɗ ɗinke."

"Don me ka ɗinke ta nan?"

Halliru ya dubi littafin, ya dubi Bature, da iyakar gaskiyarsa ya ce, "Ranka shi daɗe, ta ina aka ɗinke littahi in ba ta dama ba?"

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, an adana ta sai daga baya, kuma har yau ba a gama ta ba. Bature ya riƙa buɗa shafuka yana gani: ga ajami a ƙasan kowane falle, ga sawun yatsu, ga jar ƙasar gona, ga inda fura ta ɗiga ta bushe. Malam Atiku ya ce ya ga ya juya fuska gefe kamar mai ɓoye murmushi. Idi ya ce ƙarya ne, tari ne ya sarƙe shi. Ni ban kasance a wurin ba, ba zan raba musu gardama ba. Abin da duk suka yarda da shi shi ne hukuncin. Bature ya ce waɗannan littattafai sun lalace, ba za a kai wa wata makaranta su ba. Ya yi wa Malam Atiku faɗa mai zafi a gaban ɗalibansa. Ya ce Illela ba za ta sake ganin akwati ba sai ta yi hankali, baduku kuma kada ya ƙara taka harabar makaranta. Aka juye littattafan a kan tabarma, 'yan dako suka ɗauki akwatin wayam suka yi gaba.

Halliru ya koma rumfa ya zauna, ya ƙi fura. Ba yankan ne ya dame shi ba, ba kuma korar ba. Ɗinkin ne. Mai sana'a ne, an kama shi da kuskure a kan sana'arsa a gaban yara, kuma wannan kunyar ta daɗe ba ta sake shi ba. Wasu a garin nan suna cewa da gangan ya yi, dabara ce ta hana littattafai tafiya. In ka faɗa masa haka yanzun nan zai ɓata rai ya ce, "Wallahi ban san littahi na da wani gehe ba." Na yarda da shi, don mai dabara ba ya ɓarnar fatarsa mafi kyau a kan abin da ya san za a ƙi.

Da la'asar Malam Atiku ya zo da littattafan rungume a ƙirji, yara na biye da shi a nesa-nesa. Ya zube su a kan buzu. Halliru ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Malam, yanzu na wa na?"

"Bature ya ce sun lalace. Ba na kowa ba na."

"Ba za a zaka a ɗauke su ba?"

"Wa ka ɗaukar abin da yal lalace?"

Halliru ya ce, "Ashe namu na." Ya jawo wuƙa, ya ɗauki littafin da ke sama, ya bi ɗinkin nan da ya ɓata idonsa a kai, ya tsinke shi zare bayan zare. Inna Yelwa ta ce kafin ya gama na farko yara sun cika rumfar har suna taka mata ƙwarya, kowa na faɗin inda ya tsaya.

Tun daga ranar rumfar baduku ta zama ɗakin karatun Illela. Tun da an hana shi shiga makaranta, makaranta ce ta riƙa zuwa wurinsa. Malaman da aka riƙa turowa bayan Malam Atiku, har da ni, kowa ya zo da 'yan littattafansa na kansa, kuma kowa sai da ya yi rantsuwar cewa nasa ba za a yanka ba. Nawa uku ne. Suna nan rataye a gafaka ta biyu daga hagu, falle-falle. Da safe nakan aika a karɓo mini abin da zan koyar, yara kuma su biya da yamma su karɓi na kwana. An gaya mini cewa a makarantar Midil ta Sakkwato ana gane ɗan Illela da abu ɗaya: in ya kai ƙarshen shafi sai ya leƙa can ƙasa yana neman 'yar jagora.

Baba Halliru, yanzu da kai nake. Kai ne wanda aka kora daga makaranta, makaranta ta bi ka har gida. Kai ne ka ba ɗaruruwan yara karatun da kai ba ka iya ba, ba ka taɓa jin ƙyashi ba, ba ka kuma taɓa yi musu ƙaryar ka iya ba. Ka tsaya cikin caɓi kana jiran ɗan manomi ya ƙarasa layinsa. Ka durƙusa gaban Bature ka ɗauki laifin da rabinsa ba naka ba ne. Baduku uban 'yan boko, mai ɗinkin dama! Ina tsokanarka da wannan suna kullum, kana kai mini duka da sandar da ba ta taɓa samuna ba, amma yau ina faɗinsa ne da ƙauna, kuma ina so ka sani idona ya cika da nake rubuta shi.

Ran kasuwar da ta wuce Baba Halliru ya miƙa rumfar ga Mukhtari, wanda yana cikin yaran da suka tsaya a inuwar bedi ranar da Bature ya zo, yanzu kuwa magidanci ne, ya iya boko ya iya ajami. Mun taru, ni da Idi da Inna Yelwa da wasu iyaye. Baba ya riƙa sauke gafakoki yana shafa kowacce yana faɗin abin da ke cikinta. Da aka zo kan kayan aiki, Mukhtari ya miƙa hannu zai ɗauki basilla. Baba ya dafe ta ya ce, "Bar wagga nan, ita tab ba ni kumya." Ya laluba buzu, ya ɗauko wuƙar, ya juya masa ƙotar. "Ga wadda tay yi aiki."

Ku malamai 'yan'uwana da ke da littattafai kulle cikin akwati kuna tsoron ranar dubawa, ban ce ku ɗauki wuƙa ba, kada a ce ni na sa ku. Amma ku buɗe akwatin. Ku nemi hanyar da littafi zai kwana a gidan yaro, ko da falle ɗaya ne. Ku kuma da kuka koyi haɗa baƙi a gindin waccan dirka, yau kuna malanta ko aikin hukuma ko fatauci, fallaye da yawa sun tsufa, wasu sun koɗe har ba sa karantuwa. Ku zo ku zauna ku kwafe su da hannunku, ku kawo sababbi, Mukhtari na nan. In kun zo, ku ratsa ta gida ku gaishe da tsohon, ku karanta masa wani abu da ƙarfi, don kunnen nan bai tsufa ba, kuma in kuka yi in'ina zai mayar da ku.

Mun gode, Baba Halliru. Illela ta gode, Tozai da Lafani da Gidan Katta sun gode. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka ga 'ya'yan waɗannan yara suna karatu. Ranar da kuma za a miƙa wa kowa littafinsa, Allah ya ba ka naka ta dama.